ZARE: Nijar ta fita daga ECOWAS, to yaya batun boda? Ga tarihin da ake mantawa a wajen musu

1/ Jama'a, tun da Nijar ta fice daga ECOWAS ake ta kai ruwa rana a nan dandalin. Wasu na cewa ta yi daidai, ta tsinke igiyar Faransa. Wasu na cewa ta daɓa wa cikinta wuƙa. A duk musun nan ba kasafai ake tuna mutumin Jibiya ko na Ƙonni ba, alhali shi ne boda take ƙofar gidansa. Zaren na da tsawo, a yi haƙuri a bi shi har ƙarshe.

2/ Ga inda na dosa tun da farko. Zama cikin ECOWAS bai taɓa hana a rufe iyakar Najeriya da Nijar ba. An garƙame ta a 1984, da 2019, da 2023, duk ƙasashen biyu suna cikin ƙungiyar. Amma fitar ta canza wani abu babba: tsallaka boda da yake haƙƙi a rubuce, yanzu ya koma alfarma. Mu bi shi daki-daki.

3/ Iyakar nan ta kai kusan kilomita 1,500. Ta taɓa jihohi 7 na Najeriya: Kebbi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Borno. A ɗaya ɓangaren akwai Doso, Tawa, Maraɗi, Damagaram da Difa. A mafi yawan tsawonta Hausa ake ji hagu da dama, can gabas kuma Barebari ne a kowane gefe.

4/ Kafin Turawa ma akwai rabuwa, kada mu yaudari kanmu. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da aka fara a 1804, sarakunan Haɓe na Katsina da aka kora sun yi arewa suka kafa mulki a Maraɗi. Shi ya sa har gobe sarkin can ake ce masa Sarkin Katsinan Maraɗi. Gobirawa kuma suka tare a Tsibiri. Damagaram tana can da nata ikon.

5/ An yi ta yaƙe-yaƙe tsakanin waɗannan da daular Sakkwato, gaskiya ne. Sai dai ba wanda ya kafa shinge yana tambayar takarda. Fatake na tasowa daga Kano su bi ta Damagaram su nufi Agadas. Ana kawo gishiri da kanwa da dabino, a koma da tufafi da hatsi da goro. Ana auratayya, almajirai na yawon karatu inda suka ga dama.

6/ Layin da muke kira boda yau a Turai aka fara zana shi. A 1890 Ingila da Faransa suka amince da wani layi daga garin Say a bakin Kogin Kwara zuwa Barruwa a bakin Tafkin Chadi. A lokacin babu ko ɗayansu da ke mulkin ƙasar da suke rabawa. Sakkwato ba ta faɗa hannun Turawan Ingila ba sai 1903.

7/ A 1898 suka sake zama. Aka ɗauki birnin Sakkwato a matsayin tsakiya, aka zana rabin da'ira mai nisan mil 100, aka ce duk abin da ke ciki na Ingila ne. Da Faransawa suka zo bin hanya daga kogi zuwa Damagaram, sai suka tarar an bar musu dajin da ba rijiyoyi. Ayarinsu ba zai iya wucewa ba sai ya shiga rabon Ingila.

8/ Don haka aka gyara layin a 1904 da 1906, aka sauko da shi kudu domin Faransawa su samu hanya mai ruwa. Da haka Ƙonni da Tsibiri da Maraɗi suka tabbata a ɓangaren Faransa. Daga 1906 zuwa 1908 jami'ai biyu, Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila, suka bi daji suna kafa alamomi 148. Ka ji asalin abin. Ƙishirwar raƙuman Bature na cikin dalilan da suka sa wani ke riƙe da sefa, ƙanensa na riƙe da naira.

9/ Da aka samu 'yanci a 1960, ba a taɓa layin ba. A 1964 ƙungiyar haɗin kan Afirka ta yanke cewa kowa ya riƙe iyakar da ya gada, don gudun yaƙi. To tunda ba za a goge layi ba, dabarar da ta rage ita ce a rage masa kaifi. A 1971 Najeriya da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta su biyu, mai ofis a Yamai. Ku riƙe wannan, za mu dawo kanta.

10/ Sai ECOWAS, wadda a Nijar ake kira CEDEAO. An sa hannu kan yarjejeniyarta a Legas ranar 28 ga Mayu, 1975. Janar Yakubu Gowon da Gnassingbé Eyadéma na Togo su ne suka yi ta zagaye suna neman goyon baya. Ƙasashe 15 suka fara, har da Nijar ta Seyni Kountché. Daga baya Cape Verde ta shigo suka zama 16.

11/ Ku lura, da yawa daga cikin waɗanda suka kafa ta sojoji ne da suka hau mulki ta juyin mulki. Gowon kansa an kifar da shi wata biyu bayan sa hannun. Ƙungiyar kasuwanci aka kafa. Dokar hukunta masu juyin mulki daga baya ta shigo, musamman a yarjejeniyar 2001 kan dimokuraɗiyya. Wannan sabon aikin ne ya haddasa rikicin yau.

12/ Babban abin da ECOWAS ta yi wa talaka ya zo a 1979. Aka amince cewa ɗan kowace ƙasa a ƙungiyar zai iya shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Daga baya aka ƙara da haƙƙin zama da na kafa sana'a. Aka kuma ce amfanin gona, dabbobi da kayan sana'ar hannu na yankin su wuce ba harajin kwastan.

13/ In kana son sanin darajar wannan takarda, dubi abin da ya faru kafin ta. A 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice. Dubban ɗaruruwan mutane suka kwashi kaya, cikinsu har da Hausawan zango da aka haifa a can. Ba wata doka ta yanki da za su kai ƙara a kanta.

14/ Amma ita ma takardar ba laya ba ce. A Janairun 1983, da farashin mai ya faɗi, gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙi marasa izinin zama. Ana ƙiyasta kusan mutum miliyan 2, kusan rabinsu 'yan Ghana, da 'yan Nijar masu yawa. Daga nan jakar nan ta samo sunan da kowa ya sani. Shekara 4 kacal bayan yarjejeniyar 1979 ke nan.

15/ Rufewa ta farko. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, don hana waɗanda suka fitar da naira dawo da ita. Aka gama canji, boda ba ta buɗe ba. Sai a Maris 1986, zamanin Babangida, aka buɗe ta.

16/ Wannan rufewa ta faɗo daidai lokacin fari mai tsanani a Sahel. Nijar ta saba cike giɓin abincinta da gero da masara daga kasuwannin arewacin Najeriya, sai hanyar ta toshe. Hausawa na sa wa kowace yunwa suna. Ta 1984 zuwa 1985, a yankunan Maraɗi da Damagaram, sunanta El-Buhari. Tambayi duk wani dattijon can.

17/ Rufewa ta biyu. A Agustan 2019 Buhari, yanzu a farar hula, ya sake rufe boda. Dalilin da aka bayar shi ne fasa-ƙwaurin shinkafa 'yar waje da ke shigowa, da man fetur mai tallafi da ke fita. A Nuwamba aka ƙara da hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka.

18/ Ka yi tunanin ɗan acaɓa a Jibiya ko Illela. Ɗan Najeriya ne, a cikin Najeriya yake, amma gidan man garinsu a rufe, sai dai ya saya a galan da tsada. Sai ranar 16 ga Disamba, 2020 aka buɗe mashigai huɗu: Seme, Illela, Maigatari da Mfum. Wata 16 ke nan. ECOWAS ta yi ta roƙo da kafa kwamiti, ba abin da ta iya tilastawa.

19/ Sumoga kuwa bai tsaya ba. Ya bar kwalta ya koma hanyoyin daji, a kan babura da motocin da aka cire wa kujeru. Shingayen jami'ai suka ƙaru, kuɗin hanya ya ƙaru, aka ɗora wa mai saye. Babban ɗan kasuwa ya san wanda zai kira. Mai buhu biyu na wake shi ke kwana a ciki.

20/ Rufewa ta uku ita ce uwar rikicin. Ranar 26 ga Yuli, 2023 dogaran fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, Janar Abdourahamane Tchiani ya karɓi mulki. Ranar 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS suka zauna a Abuja ƙarƙashin Bola Tinubu, wanda bai cika wata guda da karɓar shugabancin ƙungiyar ba.

21/ Hukuncin da suka yanke: a rufe iyakoki na ƙasa da na sama, a dakatar da ciniki, a daskarar da kuɗaɗen gwamnatin Nijar, a ba sojoji kwana 7 su mayar da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta kuma yanke wutar lantarki, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga Najeriya take zuwa.

22/ A wannan karon ba wata ƙasa ce ta karya dokar ƙungiya ta rufe boda ba. Ƙungiyar ce da kanta, wadda aka kafa don buɗe iyakoki, ta ba da umarnin a rufe. Tireloli suka yi layi a Illela da Jibiya da gadar Malanville ta Benin. Albasa ta ruɓe a mota. Magani da abinci suka yi tsada a Yamai, kasuwannin dabbobi irin su Maigatari suka yi sanyi.

23/ Arewacin Najeriya ya ce ba da mu ba. Sanatocin arewa suka fito ƙarara suka ƙi batun yaƙi, ranar 5 ga Agusta majalisar dattawa ta ce a bi hanyar sulhu. Aka tura Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar. Muhammadu Sanusi II ya je ya ga Tchiani tare da Sarkin Damagaram. Malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau su ma suka je.

24/ Wannan ya nuna abin da taswira ba ta nunawa. Lokacin da jami'an diflomasiyya suka kasa samun ƙofa, sarakuna da malamai ne aka buɗe wa. Da ma ana cewa Nijar da Najeriya Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Ba a yi yaƙin ba, amma takunkumin ya ɗauki kusan wata 7.

25/ Kafin a cire shi, zuciya ta riga ta ɓaci. Ranar 16 ga Satumba, 2023 Mali, Burkina Faso da Nijar suka kafa ƙawancen AES don kare juna. Ranar 28 ga Janairu, 2024 suka sanar a talabijin cewa sun fice daga ECOWAS nan take. Suka ce ƙungiyar ta kauce wa manufar waɗanda suka kafa ta, tana rawa da bazar ƙasashen waje, ba ta taimake su a yaƙi da ta'addanci ba.

26/ Gowon, wanda a lokacin shi kaɗai ya rage a raye cikin shugabannin ƙasashen da suka kafa ƙungiyar a 1975, ya fito ya roƙi a cire takunkumi. Ranar 24 ga Fabrairu, 2024 aka cire. Najeriya ta buɗe nata ɓangaren ranar 13 ga Maris, Nijar ta buɗe nata ranar 22 ga Maris. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe kan batun fita.

27/ Sashe na 91 na yarjejeniyar ƙungiyar ya ce mai son fita sai ya ba da sanarwar shekara guda. Don haka fitar ta tabbata ranar 29 ga Janairu, 2025. ECOWAS ta koma ƙasashe 12. A ranar ne kuma AES ta fara amfani da sabon fasfonta.

28/ To me ya faru da boda a ranar? A zahiri ba komai. ECOWAS ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar ƙasashen uku masu tambarinta, a bar mutanensu su shiga ba biza, a bar kayansu a tsarin da aka saba, har sai an ba da wata sanarwa. AES ita ma tun a Disamban 2024 ta ce 'yan ECOWAS su shigo ba biza, amma tana da ikon hana wanda ba ta so.

29/ Ku sake karanta waɗannan sharuɗɗa biyu. A da, in jami'in shige da fice ya tare ka, akwai yarjejeniyar da ƙasashe suka sa wa hannu, shi ne mai laifi ko da ya karɓi na goro. Yanzu sanarwa ce ke riƙe da kai, kuma sanarwa ɗaya ta isa ta soke ta. Zanen aro ba ya rufe katara.

30/ Alamar farko ta fito a Maris 2025, da AES ta sa harajin kashi 0.5 cikin 100 kan kayan da ake shigo da su daga waje. ECOWAS ma tana da haraji daidai wannan, amma kan kayan da suka fito daga wajen yankin. Kuɗin ba yawa. Abin lura shi ne a sabon lissafin, Najeriya ita ma waje ce.

31/ Yanzu ga musun kansa. Masu goyon bayan fita suna da hujja, kada a raina ta. A 2020 Alassane Ouattara da Alpha Condé suka nemi wa'adi na uku, aka kashe mutane a zanga-zanga, ECOWAS ba ta rufe wa kowa boda ba. Da soja ya yi nasa juyin, sai aka yanke wa asibitocin Yamai wuta. Mutumin da ya kwana a duhu ba zai manta wanda ya kashe fitilar ba.

32/ Suna kuma nuna cewa sojojin Faransa sun bar Nijar a Disamban 2023, na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a 2024. A wurin matasa da yawa wannan shi ne karon farko da suka ga gwamnatinsu ta ce wa Bature a'a, kuma ta zauna.

33/ Masu adawa da fita su ma da tasu. Na ɗaya, Nijar ba ta da teku, dole kayanta su ratsa ƙasar wani. Babbar hanyarta ita ce tashar Kwatano. Bayan an cire takunkumi, Nijar da kanta ta ƙi buɗe gadar Gaya da Malanville, tana zargin Benin da ba wa Faransa mafaka. Kaya suka koma bi ta Lome su ratsa Burkina da rakiyar soja. Hanya ta yi nisa, farashi ya hau.

34/ Na biyu, Nijar ta bar ECOWAS amma ta ci gaba da zama a UEMOA, ƙungiyar masu kashe sefa. Sefar nan a ɗaure take da yuro, da lamunin baitulmalin Faransa. Wato an fita daga ƙungiyar da Legas da Lome suka haifa, an zauna a wadda ta gaji tsarin kuɗin mulkin mallaka. Wannan tambaya ce da har yanzu ake jiran amsarta a aikace.

35/ Na uku, kotu. A 2008 kotun ECOWAS ta zauna a Yamai kan ƙarar Hadijatou Mani, wadda aka sayar tana 'yar shekara 12 ta zama wahaya. Kotunan ƙasarta ba su share mata hawaye ba. Kotun yankin ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10, kuma aka biya. Fita daga ƙungiya na nufin rufe wannan ƙofar ga mai irin kukanta gobe.

36/ Akwai wanda ya taɓa fita? Akwai. Muritaniya ta ba da sanarwa a Disamban 1999, ta fice a ƙarshen 2000, ta fuskanci ƙasashen Larabawan arewacin Afirka. Ba ta rushe ba. Amma kasuwarta da mutanenta suna haɗe da Senegal da Mali, don haka a 2017 ta dawo ta sa hannu kan yarjejeniyar hulɗa da ECOWAS kan ciniki da zirga-zirga.

37/ A Turai ma an gani. Birtaniya ta kaɗa ƙuri'ar barin Tarayyar Turai a Yunin 2016, kashi 52 da 48. Abin da ya fi cin lokaci a tattaunawar shi ne iyakarta ta ƙasa da Jamhuriyar Ailan, mai kusan kilomita 500, inda jama'a suka saba wucewa ba shinge. Ta fita a Janairun 2020, amma har 2023 ana gyaran yarjejeniya a kan wannan iyaka.

38/ Darasin duka biyun ɗaya ne. Ana fita daga ƙungiya a rana guda, amma maƙwabci yana nan inda yake. Duk abin da tsohuwar takarda take warwarewa, sai an zauna an rubuta wata ta warware shi: wa zai wuce, da wace shaida, kwana nawa, nawa zai biya kan sa ko buhun albasa.

39/ Kuma zaman tsakanin gwamnatocin biyu ba shi da tabbas. A Disamban 2024 Tchiani ya yi hira da Hausa ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa don dagula Nijar. Abuja ta musanta. A Afrilun 2025 ministan harkokin wajen Najeriya, Yusuf Tuggar, ya je Yamai aka yi maganar farfaɗo da hukumar nan ta 1971. Yau faɗa, gobe shiri. A kan wannan yanayi alfarmar take rataye.

40/ Ita wannan hukuma ta girmi ECOWAS, kuma fitar Nijar ba ta shafe ta ba. Ta nan ne ƙasashen biyu za su iya rubuta tasu yarjejeniyar kan shiga ba biza, hanyoyin makiyaya, wutar lantarki da cinikin hatsi. Ga kuma layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, da aka aza harsashinsa a 2021. Jirgin ƙasa ba shi da amfani a bodar da ake rufewa duk lokacin da ran wani ya ɓaci.

41/ Don haka in za mu yi musu, 'yan'uwa, mu yi shi a kan abin da ya shafe mu. Mai son AES da mai son ECOWAS duk su tambayi nasu gwanin: ina takardar da ta ce ba za a ƙara rufe wa Illela da Ƙonni hanya ba? Sanatoci da gwamnonin jihohi 7 ɗin nan su ne ya kamata a fara tsarewa da wannan tambaya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

42/ Nan zan tsaya. Mutanen Jibiya, Mai'adua, Maigatari, Kamba, Ƙonni, Maraɗi da Magarya, ku ne kuke bin hanyar nan kullum. Ku faɗa mana a ƙasa: shinge nawa ake wucewa yanzu, wace takarda ake tambaya, me ya canza tun Janairun 2025? Wanda ya amfana ya tura wa wani. Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya.